Abdullahi ɗan Fodiyo: malamin da ya adana tarihi cikin baitoci

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, a wajajen shekarar 1766. Ya yi karatu a hannun yayan nasa da kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya ƙware a fannonin tafsiri da fikihu da nahawu da waƙar Larabci.

A 1804 ya bi Shehu hijira zuwa Gudu, kuma shi ne ya jagoranci mayaƙan jama'a a yaƙin Tafkin Kwatto, inda suka yi galaba a kan rundunar Sarkin Gobir Yunfa.

Sai dai nasarar ba ta kwantar masa da hankali ba. A wajajen 1807, ganin yadda wasu mabiya suka karkata ga neman mulki da dukiya, ya bar fagen daga da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, inda ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkami kan tafiyar da mulki, kafin ya koma gida.

Tattara waƙoƙi

A zamaninsa waƙa na yawo ne a takardu warwatse, ɗalibi ya kwafa daga malami, wadda ba a kwafa ba kuwa ta salwanta. Ko a Ingila, akasarin waƙoƙin John Donne a rubutun hannu suka yi ta zagayawa, sai a 1633, bayan mutuwarsa, aka buga su a littafi.

Malam Abdullahi bai bar wa na baya wannan aiki ba. A 1813 ya tattara wasu daga cikin ƙasidunsa a littafin Tazyinul Waraƙati, yana bayyana dalilin da ya sa ya tsara su. Akwai na makokin malamansa, da na yaƙe-yaƙe, da kuma waɗanda ya koka da halin 'yan'uwansa masu jihadi.

Wannan ne ya sa masana ke ɗaukar littafin a matsayin muhimmin tushen tarihin jihadin, domin bai ɓoye laifin nasa ɓangaren ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Ibadan a 1963.

Zaman Gwandu

Da Shehu ya raba ƙasa a 1812, yamma ce ta faɗo hannun Malam Abdullahi. Ɗan wansa Muhammadu Buhari, wanda shi ma mawaƙi ne, ya zauna a Tambuwal, maƙwabciyar Gwandu.

Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, abin da ya haifar da tsamin dangantaka tsakaninsu, har sai da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina suka sasanta.

Ya rasu a Gwandu a 1829. Har yanzu ana karanta tafsirinsa, Diya'ut Tawili, a zaurukan malamai.