Gimbiya Gyeonghye: Jikar Sarki, 'Yar Sarki, Yayar Sarki

Filinmu na tarihi a wannan makon ya leƙa ƙasar Koriya, zamanin daular Joseon, don kawo muku labarin wata gimbiya da rigimar sarauta ta raba da kusan duk wanda take ƙauna.

An haifi Gyeonghye wajen shekarar 1436. Kakanta shi ne Sarki Sejong, wanda ya ƙirƙiro haruffan Hangul da Koriyawa ke rubutu da su har yau. Mahaifinta Munjong shi ne yarima mai jiran gado. A 1441 mahaifiyarta ta haifi ɗa namiji, ta rasu jim kaɗan bayan haihuwar. Tun daga lokacin Gyeonghye da ƙaninta suka shaƙu ƙwarai, don su biyu ne kaɗai suka rage 'yan ɗaki ɗaya.

A 1450 aka aurar da ita ga wani ɗan babban gida mai suna Jeong Jong. A shekarar ce Sejong ya rasu, Munjong ya hau gadon sarauta. Shekara biyu kacal ya yi, shi ma ya rasu a 1452. Sai aka naɗa ƙanin Gyeonghye, wanda tarihi ya sani da Danjong, alhali bai cika shekara goma sha biyu ba. Yaron ba uwa ba uba, don haka yakan bar fada ya je ya zauna a gidan yayarsa.

Amma akwai mai kwaɗayin kujerar, wato baffansu Yarima Suyang, ƙanin mahaifinsu. A 1453 ya kashe manyan fadawan da aka bar wa amanar yaron, cikinsu har da Kim Jong-seo. A 1455 ya tilasta wa Danjong yin murabus, ya zama sarki, shi ne Sarki Sejo. Aka zargi mijin Gyeonghye da haɗa baki da masu goyon bayan Danjong, aka kore shi daga babban birni.

A nan ne halin gimbiyar ya fito. Ta bar daular gidanta ta bi mijinta, ana ta ɗage su daga wannan gari zuwa wancan har suka kai Gwangju, can kudancin ƙasar. A wannan zaman takura ta haifi ɗanta Jeong Mi-su. A 1457 aka kai Danjong wani lungu mai suna Yeongwol, ya mutu a can yana da shekara goma sha shida. A 1461 kuma aka tuhumi Jeong Jong da shirya tawaye tare da wasu limaman addinin Buddha, aka kashe shi, matarsa na ɗauke da ciki. Tana da kimanin shekara ashirin da biyar, ta rasa uwa, uba, ƙani da miji.

Abin da ya rage mata shi ne 'ya'yanta, kuma a wancan zamani laifin tawaye yakan shafi zuriyar mai shi. Sarauniya Jeonghui, matar baffan nata, ta sa baki aka rene Mi-su a fada. Gyeonghye ta daure da zama ƙarƙashin mulkin wanda ya tarwatsa gidansu, ɗanta kuwa ya tsira. Ta rasu a farkon 1474. A 2012 masana suka bayyana wata takardar rabon dukiya da ta bar wa ɗanta kwanaki kaɗan kafin rasuwarta, ɗauke da hatiminta na gimbiya.

Mi-su ya girma ya riƙe manyan muƙamai. Shi ya ɗauki nauyin matar kawunsa Danjong, wadda aka raba da mijinta tun tana ƙuruciya, kuma da ta rasu a 1521 a maƙabartar gidansu aka binne ta. A 1698 daular ta mayar wa Danjong matsayinsa na sarki.

Hausawa sun ce ɗan uwa rabin jiki. Sejo ya samu sarauta ya yanke zumunci. Gyeonghye ta rasa komai ta riƙe shi, har ɗanta ya gaje ta.