Malcolm Sayer

Malcolm Sayer (an haife shi a ranar 21 ga watan Mayu, 1916, ya mutu a ranar 22 ga watan Afrilu, 1970) injiniya ne ɗan ƙasar Ingila, masanin yadda iska ke gudana a jikin abin hawa. Ya fara aiki a masana'antar ƙera jiragen sama, daga baya ya koma kamfanin motoci na Jaguar da ke birnin Coventry, inda ya shafe kusan shekara 20 har ƙarshen rayuwarsa. Shi ne ya tsara surar motocin C-Type da D-Type, waɗanda suka ci gasar awa 24 ta Le Mans a ƙasar Faransa har sau biyar tsakanin 1951 da 1957. An fi saninsa da motar E-Type ta shekarar 1961, wadda ake yawan sanyawa a sahun gaba idan ana lissafa tsofaffin motocin gudu da surarsu ba ta tsufa ba.

A Hausa kalmar motar tsere takan ɗauki abu biyu: motar da aka ƙera domin gasa kawai, da kuma ƙaramar mota mai gudu, mai kujera biyu, wadda mutum zai saya ya hau a titi. Sayer ya tsara iri biyun. A wannan maƙala ana kiran ta farko motar gasa, ta biyu kuma motar gudu.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Sayer a Cromer, wani gari na bakin teku a gundumar Norfolk da ke gabashin Ingila. Ya yi karatu a makarantar sakandare ta Great Yarmouth, inda mahaifinsa yake koyar da lissafi da zane. Waɗannan darussa biyu su ne ɗan ya rayu a kansu. Yana da shekara 17 ya samu tallafin karatu zuwa Kwalejin Loughborough, wadda a yau jami'a ce, ya karanci injiniyancin jiragen sama da motoci, ya kuma fita da sakamako mai daraja ta ɗaya.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da kamfanin jiragen sama na Bristol. Saboda muhimmancin wannan aiki ga yaƙin ba a ɗauke shi soja ba. A can ne ya saba da gina jiki mara nauyi da alminiyam, da kuma auna yadda iska ke riƙe abu mai gudu.

Ya yi aure a 1947. A 1948 ya tafi ƙasar Iraƙi domin aikin koyarwa a Bagadaza, amma al'amarin bai kasance yadda aka tsara ba, sai ya koma kula da motocin gwamnati. Masu tarihinsa sun ce a can ya haɗu da wani farfesa Bajamushe wanda ya nuna masa hanyar bayyana lanƙwasar kowace sura da lissafi. Ya dawo Ingila a 1950, kuma ba da jimawa ba Jaguar ya ɗauke shi aiki a ƙarƙashin babban injiniyan kamfanin, William Heynes.

Motocin gasa

Aikinsa na farko shi ne bodin C-Type. An ɗauko inji mai silinda shida na motar XK120, aka ɗora shi a kan ƙashi na bututun ƙarfe, Sayer kuma ya lulluɓe shi da bodin alminiyam mai santsi. Motar ta ci Le Mans tun a fitowarta ta farko a 1951, Peter Walker da Peter Whitehead ne suka tuƙa ta.

Shekarar 1952 ba ta yi wa kamfanin daɗi ba. Labarin gudun sabuwar Mercedes 300 SL ya tayar musu da hankali, aka yi gaggawar tsawaita hancin C-Type da wutsiyarta, aka kuma sauya tsarin sanyaya inji ba tare da isasshen gwaji ba. Motoci ukun da Jaguar ya shigar duk sun fice daga gasar, zafin inji ya addabe su, Mercedes ta lashe. A 1953 aka koma kusa da surar farko, aka sa birki mai faifai da aka haɓaka tare da kamfanin Dunlop. Tony Rolt da Duncan Hamilton suka ci gasar da matsakaicin gudu sama da mil 100 a awa, wato fiye da kilomita 160, karo na farko a tarihin Le Mans.

A D-Type ta 1954 ne tasirin jirgin sama ya fito ƙarara. Tsakiyar motar kamar kwano take, fatar bodin ce da kanta take ɗaukar nauyi, yadda ake gina jikin jirgi. A bayan kan direba akwai wani fiffike a tsaye kamar wutsiyar jirgin sama, wanda ke hana motar karkata idan ta kai ƙarshen gudunta a miƙaƙƙen titin Mulsanne mai tsawon kusan kilomita 6. Injinta bai kai na Ferrari girma ba, amma a wannan titi ta haura mil 170 a awa. Ta zo ta biyu a 1954, sannan ta ci a 1955 da 1956 da 1957. Nasarar 1955 ta zo cikin baƙin ciki, domin a gasar ce wata motar Mercedes ta afka cikin 'yan kallo, mutane fiye da 80 suka mutu. A 1957 motocin D-Type ne suka zo na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu da na shida, ƙungiyar Ecurie Ecosse ta Sikotilan ce ta shigar da biyun farko.

Yadda yake aiki

A wancan zamani masu tsara mota sukan zana hoto, su gina samfuri da yumɓu ko katako, su yi ta gyara har ido ya gamsu. Sayer yakan zana surar a kan doguwar takarda, sa'annan ya lissafa matsayin kowane ɗigo a jikin lanƙwasar, ta tsawo da faɗi da tsayi. Kayan aikinsa su ne rular lissafi mai zamiya da jadawalin logaridim, irin wanda ɗaliban sakandare suka sani, sai dai nasa mai lamba bakwai ne maimakon huɗu. Abin da yake miƙa wa masu ƙera bodi shi ne jerin lambobi, su kuma su mayar da su ƙarfe. Wannan shi ne aikin da kwamfuta ke yi a kamfanonin mota a yau, shi kuwa da hannu ya yi shi.

Yakan gwada ƙananan samfura a ɗakin gwajin iska. Idan an ƙera motar, sai a manna guntayen zaren ulu a jikinta, a tuƙa ta a filin gwaji, shi kuma yana biye a wata motar yana kallo. Inda zaren ya kwanta, iska na wucewa lafiya. Inda ya yi ta kaɗawa, akwai gyara.

Ba ya son a kira shi mai ƙawata mota. A wurinsa shi injiniyan iska ne. Duk da haka mutum ne mai zanen fenti da zanen barkwanci, yana kaɗa fiyano da jita, don haka da wuya a ce lissafi kaɗai ne ya zaɓa masa waɗannan surori. Ƙari a kan haka, mai kamfanin, Sir William Lyons, yana da kaifin ido kan surar mota, kuma babu abin da ke fita daga masana'antar sai da amincewarsa.

E-Type

An fara gwajin motar da za ta zama E-Type tun 1957. An nuna ta ga duniya a ranar 15 ga watan Maris, 1961, lokacin baje kolin motoci na Geneva a ƙasar Suwizalan. 'Yan jarida sun yi cincirindo suna neman a ɗana su, har sai da aka umarci direban gwaji na kamfanin, Norman Dewis, ya tuƙo mota ta biyu daga Coventry cikin dare.

Injinta mai lita 3.8 ne, kamfanin ya ce ƙarfinsa ya kai na doki 265, gudunta kuma mil 150 a awa, kimanin kilomita 240. Motocin da aka ba 'yan jarida sun kai wannan gudu bayan an ɗan gyara su, na masu saye kuwa sukan gaza kaɗan. Tana da birki mai faifai a tayoyi huɗu, kuma kowace tayar baya tana motsi ita kaɗai, tsarin da injiniya Bob Knight ya yi. Farashinta a Birtaniya ya ɗan haura fam 2,000, kusan rabin kuɗin Aston Martin DB4. Ta zo iri biyu, mai buɗaɗɗen sama da mai rufi. Amurka ce babbar kasuwarta, a can kuma XK-E ake kiranta. Kafin a daina ƙera ta a 1974 an yi fiye da guda 72,000.

Dalilin da surarta ta daɗe

Idan masana mota suna jera tsofaffin motocin gudu da har yanzu suke da kyan gani, sunayen da ke maimaituwa su ne Mercedes 300 SL ta 1954, Ferrari 250 GTO ta 1962, Porsche 911 da aka fara nunawa a 1963, Lamborghini Miura ta 1966, da E-Type. Kusan dukansu ba su da ado mai yawa. Akasinsu ita ce Cadillac ta 1959, mai dogayen fikafikai a baya da ƙarfe mai ƙyalli ta ko'ina. Tana da masoyanta, amma duk wanda ya gan ta ya san shekarun da aka yi ta, kamar ɗinkin da yayinsa ya wuce.

E-Type ta farko ba ta da abin yayi da yawa da zai tsufa. Bakinta rami ne mai siffar ƙwai, da sanda guda a gicciye. Fitilun gaba suna kwance a ƙarƙashin gilashi mai bin lanƙwasar bodi. Bonet ɗin dogo ne ƙwarai, haɗe yake da murfin tayoyin gaba, yana buɗewa gaba ɗaya ta gaba, tudun da ke tsakiyarsa kuma domin ba inji wuri aka yi shi. Bambobinta sirara ne. Layin gefe yana tashi daga hanci, ya sauka a ƙofa, ya sake tashi a kan tayar baya ba tare da ya karye ba.

Tarihin motar kanta ya nuna inda kyan yake. Daga 1967 dokokin Amurka kan tsaro da hayaƙi suka fara sauya ta. An cire gilashin fitilu. A zubi na biyu, na 1968, an faɗaɗa baki, an ƙara wa bamba kauri, an mayar da fitilun baya ƙarƙashinta. Zubi na uku, na 1971, ya zo da inji mai silinda 12 da lita 5.3, da raga mai ƙyalli a baki da jiki mai tsawo da nauyi. Waɗannan motoci sun fi na farko daɗin tuƙi ta wasu fuskoki, amma a kasuwar tsofaffin motoci zubin farko, wanda ya fi kusa da zanen Sayer, shi ya fi daraja.

Ba a rasa abin suka ba. Tayoyin sun shige cikin bodi da yawa, har wasu na ganin motar kamar ta fi ƙafafunta faɗi. Cikinta matsattse ne ga dogon mutum, giyar farkon shekarun tana da tauri har zuwa 1964 da aka sauya ta tare da ƙara inji zuwa lita 4.2. Abin mamaki kuma, gwaje-gwajen baya sun nuna ba ta ratsa iska kamar yadda ido ke zato, motocin iyali da yawa na yau sun fi ta a wannan fanni.

Kwatanta ta da Porsche 911 yana da amfani. Ita 911 ba a taɓa daina ƙera ta ba, ana sabunta surarta zubi bayan zubi, don haka idon mutane bai rabu da ita ba. E-Type kuwa an rufe babinta tun 1974, kuma kamfanin bai ci gaba da sabunta surarta domin ta dace da zamani ba. A 1996 Gidan Adana Fasahar Zamani na New York ya sanya mai buɗaɗɗen sama ta 1963 cikin kayansa na dindindin, mota ta uku da ya taɓa karɓa. A 2008 ta zo ta ɗaya a jerin motoci 100 mafiya kyau na jaridar Daily Telegraph. A 2017 Jaguar ya nuna wata tsohuwar E-Type da aka mayar mai aiki da lantarki ba tare da an taɓa surarta ba, ita ce Yarima Harry ya tuƙa amaryarsa a ciki ranar bikinsu a watan Mayun 2018.

Ayyukan ƙarshe

A 1966 aka kammala XJ13, motar gasa mai inji silinda 12 a bayan direba. Guda ɗaya tak aka ƙera, kuma ba ta taɓa shiga gasa ba. Ta yi mummunan haɗari a filin gwaji a farkon 1971, Dewis na tuƙi, ya tsira, daga baya aka sake gina ta.

Aikinsa na ƙarshe shi ne farkon zanen XJ-S, wadda wasu suka ƙarasa bayan mutuwarsa. Ta fito a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Mutane sun zaci magajiyar E-Type za su gani, sai ga babbar mota mai kusurwoyi, da wasu bangwaye biyu da suka gangaro daga rufi zuwa but, a gefen gilashin baya. An soki waɗannan bangwaye sosai, alhali domin daidaita iska aka sa su, kuma motar ta fi E-Type ta ƙarshe ratsa iska. Sannu a hankali ido ya saba da ita. An yi shekara 21 ana ƙera ta, har 1996, aka sayar da fiye da 115,000, adadin da ya zarce na E-Type.

Mutuwa

Sayer ya mutu sakamakon bugun zuciya a garin Leamington Spa, kusa da Coventry, a ranar 22 ga watan Afrilu, 1970, saura wata guda ya cika shekara 54. Ya bar mata da 'ya'ya uku. A lokacin rayuwarsa sunan Lyons da na direbobi aka fi ji, nasa bai cika fita waje da masana'antar ba. Daga baya an kafa allunan tunawa da shi a Jami'ar Loughborough, da gidan da aka haife shi a Cromer, da kuma Leamington Spa inda ya zauna.