Rontgen, mutumen da ya gano hoton ƙashi

Kai mai karatu, ko ka taɓa kai wanda ya karye gidan likita anka ce sai an yi mashi radiyo? Radiyon nan ba na sauraren labaru ba ne. Hoto ne mai nuna ƙashi ba tare da an tsaga jiki ba. Ga labarin wanda ya gano shi.

Sunanshi Wilhelm Rontgen. An haife shi a ƙasar Jamus ran 27 ga watan Maris 1845. Ubanshi ɗan kasuwa ne mai saida tufafi. Ya girma a ƙasar Holand. Can anka kore shi daga makaranta saboda wani zanen ba'a da anka yi ma malami, alhali ba shi ya zana ba. Bai fid da rai ba. Ya tafi Zurik, ƙasar Suwis, ya ci gaba da karatu har ya zama babban malamin kimiyya.

Ran 8 ga watan Nuwamba 1895, a garin Wurzburg, yana gwajin wani kwalba da wutar lantarki cikin ɗaki mai duhu. Ya rufe kwalban ruf da baƙin kwali. Sai ya ga wata takarda can gefe tana ƙyalli. Takardar, an shafe ta da garin wani sinadari mai ƙwayoyi kamar na gishiri. Wani da sai ya wuce abinshi. Shi ko ya tsaya ya tambayi kanshi: mi ya ratsa kwalin?

Ya yi makonni yana bincike. Ya gane wani haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa nama amma ƙashi na tare shi. Da yake bai san ko mine ne ba, ya sa mashi suna X. Ran 22 ga watan Disamba ya ɗauki hoton hannun matarshi, Anna Bertha. Ga ƙasusuwa, ga zobe.

A 1901 anka ba shi kyautar Nobel ta farko ta fannin kimiyyar fizik. Ya ba jami'ar Wurzburg kuɗin. Kuma ya ƙi riƙe abin da ya gano a matsayin mallakarshi, don kowa ya amfana. Ya rasu a Munik ran 10 ga watan Fabrairu 1923.

Aikin bai ƙare ba. Hasken nan in ya yi yawa yana cuta ma jiki. Shi ya sa yanzu masana ke gyaran fuskar wasu ƙwayoyin sinadari da ake kira ferobiskit, don hoto ya fito sarai da haske kaɗan.

To, ɗan'uwa, kada ka ji tsoron radiyo in lokotoro ya rubuta maka. Amma kada ka nemi a yi maka shi haka kawai. Ke kuma mai ciki, ki faɗa ma ma'aikacin kafin a fara.