Christian Doppler: Ɗan masassaƙin dutse da ya sa ake auna gudu da sauti

Ka taɓa tsayawa bakin titi motar asibiti ta wuce da jiniya? Tana tahowa ƙarar siririya ce, da ta gifta ka sai ta yi kauri. Direba bai taɓa komai ba fa. Gudun motar ne ke matse sautin a gabanta, yana kuma miƙar da shi a bayanta. Wanda ya fara bayyana wannan ƙa'ida shi ne Christian Doppler.

An haife shi a Salzburg ta ƙasar Ostiriya a 1803, gidansu sassaƙa dutse suke yi. Jikinsa ba shi da ƙwari, don haka bai gaji sana'ar ba, sai ya rungumi lissafi ya yi karatu a Vienna. Ya gama, aikin dindindin ya gagara. Ka san wannan zafin ai. A 1835 har ya shirya ƙaura zuwa Amurka, sai ga aikin koyarwa ya fito masa a Prague.

A can ne a 1842 ya gabatar da bincikensa kan hasken taurari. Ya yi kuskure kan dalilin launinsu, amma ƙa'idar kam daidai take. A 1845 wani masani ɗan Holan, Buys Ballot, ya ɗora mabusa a jirgin ƙasa kusa da Utrecht, waɗanda ke ƙasa suka ji amon busar yana sauyawa yayin da jirgin ke wucewa.

Duk da haka bai huta ba. Ya zama shugaban cibiyar ilimin fiziks a Jami'ar Vienna a 1850, amma wani masanin lissafi, Joseph Petzval, ya taso masa da suka. Ga kuma ciwon huhu. Ya tafi Venice neman sauƙi, can ya rasu a 1853 yana da shekara 49.

Yau za a iya ɗaura maka 'yar na'ura a jiki, ta saki sautin da kunne ba ya ji, ya bugi ƙasa ko bango ya dawo. Daga sauyin amonsa take lissafa gudunka. Da wannan ƙa'idar ce ma ake jin bugun zuciyar ɗan da ke ciki a ɗakin awo.

Mutumin da numfashi ya yi wa wuya, da iliminsa ake auna gudun masu lafiya. In takardunka na nan ajiye aiki bai zo ba, ka tuna da shi kafin ka yanke ƙauna.