Ibnun Nafis, Malamin Fiƙihu Da Ya Gano Hanyar Jini Tsakanin Zuciya Da Huhu

Duk wanda ya buɗe littafin Ɗabaƙatus Shafi'iyya na Imam Tajuddin Subki, inda ya jero malaman mazhabar Shafi'i tsara bayan tsara, zai tarar da sunan wani mutumin ƙasar Sham, Ali ɗan Abil Hazmi, mai laƙabi Ala'uddin, wanda aka fi sani da Ibnun Nafis. A can cikin masana fiƙihu aka lissafa shi. Amma a yau in aka ambace shi a makarantun likita, ana ambatonsa ne saboda shi ne mutum na farko da aka sani ya rubuta daidai yadda jini ke barin gefen dama na zuciya, ya ratsa huhu, sa'an nan ya komo gefen hagu.

An haife shi kusa da birnin Dimashƙa wajen shekara ta 607 bayan Hijira, watau kimanin 1210 Miladiyya. Ya yi karatun Alƙur'ani da hadisi da fiƙihu da nahawu kamar sauran yaran zamaninsa, kana ya shiga babban asibitin nan da Sarki Nuruddin Zanki ya gina a 1154. A wancan zamani asibiti makaranta ce, akwai majinyata a ɗakuna, akwai kuma zaure da littattafai inda ake ɗaukar darasi bayan an gama zagayen safe. Babban malaminsa shi ne Muhazzabuddin Dakhwar, shugaban likitocin Sham da Masar. Bayan rasuwar malamin a 1230, bai daɗe ba ya yi ƙaura zuwa Alƙahira, a nan kuwa ya ƙare rayuwarsa.

Kafin a gane girman abin da ya yi, wajibi ne a san abin da ya tarar. Shekaru fiye da dubu likitocin duniya suna bin maganar wani Bagirike mai suna Jalinus, wanda ya rayu a ƙarni na biyu na Miladiyya. A wurin Jalinus, hanta ce ke juya abinci ya zama jini, jijiyoyi su kai shi sassan jiki, sassan su shanye shi kamar yadda fadama ke shanye ruwa. Wani kaso na wannan jini yana zuwa ɗakin dama na zuciya. Ana kuma bukatarsa a ɗakin hagu, domin can ne zai gauraya da iskar da ta zo daga huhu. To, ta ina zai bi, alhali akwai bangon tsoka mai kauri tsakanin ɗakunan nan biyu? Sai Jalinus ya ce akwai ƙananan huji a jikin bangon waɗanda ido ba ya gani, ta nan jinin ke tsatsafowa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya karɓi wannan magana a cikin littafinsa Alƙanun, har ma ya bi ra'ayin cewa ɗakunan ƙasa na zuciya uku ne. Alƙanun kuwa a wajen likitoci tamkar Muhtasar ne na Halilu a wajen alƙalanmu, ba a cika ja da shi ba.

Ibnun Nafis ya tattara duk abin da Ibnu Sina ya faɗa kan ƙirar jikin mutum, wanda ke warwatse cikin Alƙanun, ya yi masa sharhi daban, ya kira shi Sharhu Tashrihil Ƙanun. Ya gama shi bai wuce shekara ta 1242 ba, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. A gabatarwar littafin ya bayyana cewa hanin Shari'a da tausayin da ke zuciyarsa sun hana shi feɗe gawa, don haka a kan siffar kayan ciki zai dogara ga magabata, musamman Jalinus. Amma a kan aikin da kowane sashe ke yi, ya ce zai bi abin da bincike da hankali suka tabbatar ne, ko ya dace da maganar magabata ko ya saɓa mata. Wannan sharaɗi shi ne mabuɗin littafin duka, kuma ɗalibin usulu zai ji ƙamshin darasinsa a ciki: akwai inda ake karɓar riwaya, akwai kuma inda sai an nemi dalili.

Da ya zo kan zuciya, sai ya tsaya kai da fata cewa bangon nan ba shi da huji, na bayyane ko na ɓoye, domin tsokar wurin ma ta fi ta sauran wurare kauri. Tun da kuwa dole jinin ya isa hagu, sai a nemi hanyar da ido ke gani. Akwai babbar jijiya da ke fita daga ɗakin dama zuwa huhu. Magabata sun ɗauka abincin huhu kawai take kaiwa. Shi kuwa ya ce ta nan jinin ke bi, ya bazu cikin naman huhu, ya gauraya da iska, ya tace, sa'an nan ya shiga wata jijiyar da ke saukowa daga huhu zuwa gefen hagu na zuciya. Bugu da ƙari ya ce lalle akwai ƙananan kafofi cikin huhu da ke sada jijiyoyin nan biyu. Ya ƙi maganar ɗaki na uku, ya ce biyu ne. Ya kuma gyara wa Ibnu Sina wani kuskuren, ya ce zuciya ba ta ci daga jinin da ke cikin ɗakinta, tana da jijiyoyinta na kanta da suka ratsa namanta suna ciyar da ita. Waɗannan su ne jijiyoyin da in suka toshe a yau ake cewa mutum ya sami bugun zuciya.

Ba sai an je jami'a ba kafin a ga gaskiyarsa. Ranar Layya, ko a Gwadangaji ko a Argungu, in an feɗe rago a ɗauki zuciyar a yanka ta a gicciye. Za a ga kogo biyu, na hagu mai kaurin tsoka, na dama mai sirantaka, ga bango tsakaninsu a rufe ruf. Kowane mahauci a kasuwar Birnin Kebbi ya ga wannan sau ba adadi. Abin mamaki shi ne yadda manyan likitoci suka yi ta kallonsa tsawon ƙarnoni, suna gaskata littafi suna tuhumar idonsu. Masana tarihi sun saɓa kan ko Ibnun Nafis ya taɓa feɗe dabba don bincike, amma yadda yake kafa hujja da abin da fiɗa ke nunawa ya sa wasu ke ganin ya yi. Wani abin lura kuma, akan haifi jariri da huji a wannan bango, likitoci kuwa cuta suke ɗaukarsa, wani lokaci har sai an yi tiyata an toshe.

Adalci ne a faɗi inda ya tsaya. Bai bar ra'ayin cewa hanta ce ke yin jini ba, bai kuma kai ga gane cewa jinin da ya tafi ƙafa da hannu da kai yana komowa zuciya ba. Abin da aka sani yau shi ne ɗakunan zuciya huɗu ne, biyu a sama biyu a ƙasa, zagayen kuma biyu ne. Ƙarami shi ne wanda ya bayyana, daga zuciya zuwa huhu a komo. Babba kuwa daga ɗakin hagu yake farawa, jijiyoyi masu harbawa su kai jini ko'ina, ya ratsa wasu ƙanana da suka fi gashi siranta, sa'an nan jijiyoyi marasa harbawa su maido shi dama. Jinin baligi kimanin lita 5 ne, kuma in yana zaune yana hutawa, cikin kamar minti ɗaya duk ya zaga ya dawo.

A Alƙahira sunansa ya ɗaukaka har ya zama shugaban likitocin Masar. Zamanin kuwa na tashin hankali ne. A 1258 Tattar suka rushe Bagadaza suka kashe Halifa, a 1260 rundunar Masar ta karya su a Ainu Jalut. Shi dai yana tsakanin majinyata da ɗalibai. Yana karantar da fiƙihun Shafi'iyya a makarantar Masruriyya, ya rubuta taƙaitaccen littafi kan usulul hadisi, da wani kan ciwon ido mai suna Almuhazzab. Ya kuma wallafa Arrisalatul Kamiliyya, labarin wani mutum da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, ya yi ta nazarin halittu har hankalinsa ya kai shi ga sanin Mahalicci, da bukatar Annabci, da tashin jiki bayan mutuwa. Babban aikinsa na likita, Ashshamil, ya tsara shi zai kai mujalladi 300, ya samu ya kammala 80.

Masu tarihinsa sun ce dogo ne siriri, mai kirki, bai taɓa aure ba. In zai yi rubutu sai a fiƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya juya fuskarsa ga bango, ya yi ta zubo karatu da ka ba tare da duba littafi ba, in alƙalami ya dakushe ya jefar ya ɗauki wani. An ruwaito cewa wata rana yana tsakiyar wanka a gidan wanka na gari ya fito ya nemi tawada da takarda, bai koma ba sai da ya gama maƙala kan harbin jijiya. Wajen magani kuwa, in abinci zai wadatar ba ya rubuta magani, in magani guda zai yi ba ya haɗa biyu, har mai sayar da magungunan da yake zama wurinsa ya yi ƙorafin ciniki ya faɗi. Irin wannan haɗa fiƙihu da likitanci ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Shehu Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insan kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa kan ciwon ido da basur.

A 1284 Sarki Mansur Ƙalawun ya gina babban asibitin Mansuri. Ibnun Nafis, wanda ba shi da magaji na tsatso, ya yi waƙafin gidansa da dukiyarsa da littattafansa ga wannan asibiti. Da ciwon ajali ya kama shi, wasu abokansa likitoci suka ba shi shawarar ya sha ɗan giya, suna ganin za ta yi masa magani. Ya ƙi, ya nuna ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da ita a cikinsa. Ya rasu a watan Zulƙida na 687, daidai da Disamba 1288, yana da kimanin shekara 80. Allah Ya ji ƙansa.

Likitocin da suka biyo baya sun fi riƙe Almujaz, taƙaitaccen Alƙanun da ake jingina masa, maganar zuciya kuwa kaɗan ne suka kula da ita. A Turai sai a 1553 wani mutumin Sifen, Mika'ilu Sabetus, ya rubuta irinta cikin wani littafin addini, aka kuwa ƙone shi a birnin Janeba a shekarar nan saboda aƙidarsa. Realdo Kolombo na Italiya ya bayyana ta a 1559, Wiliyam Habi na Ingila ya tabbatar da babban zagaye a 1628, Malpigi kuma ya ga ƙananan kafofin huhu da madubin ƙara girma a 1661. Ko sun ji maganar Ibnun Nafis? Wani likitan Italiya, Andiriya Alpago, ya daɗe a Dimashƙa, ya fassara wani sashe na sharhinsa zuwa Latin, aka buga a 1547, amma sashen kan haɗa magunguna ne. Masana na muhawara a kai har yanzu.

A 1924 wani ɗalibin likita ɗan Masar, Muhyiddin Taɗawi, yana binciken rubuce-rubucen Larabci a ɗakin karatu na Balin a Jamus, ya ci karo da kwafin Sharhu Tashrihil Ƙanun. Ya rubuta kundin digirinsa a kai a Jami'ar Firaibog. Malamansa ba su iya Larabci ba, sai aka tura aikin Alƙahira wurin Maks Mayahof, wani likitan ido Bajamushe masanin tarihin likitancin Larabawa. Shi ya duba ya tabbatar, kana a shekarun 1930 ya buga nassin da fassararsa, kusan shekara 700 bayan an rubuta shi.