Audu Baƙo da Madatsun Ruwan Ƙasar Kano

A birnin Kano akwai sakatariyar gwamnati mai sunan Audu Baƙo, akwai gidan ajiye namun daji mai sunansa, a Dambatta kuma akwai kwalejin aikin gona da ake kira da shi. Sai dai babban abin da ya bari yana wajen birni, a ƙauyukan da aka tare rafuka da jingar ƙasa aka mayar da su tafkuna. Wanda duk zai auna wannan mutum, a bakin ruwa ya kamata ya tsaya.

An haife shi a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa yake aiki. Ya yi karatu a Kaduna da Makarantar Midil ta Zariya, sannan ya gaji mahaifinsa, ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Ya koyar da dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ya yi ta hawa har aka ɗora masa kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa. Babu wani abu a wannan tarihi da ke nuna mai shi zai ƙare da tare koguna.

A ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, aka naɗa Audu Baƙo gwamnan Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa masarautun Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, wato har da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991. Yana cikin 'yan sandan da aka ba jihohi a wancan rabo, tare da Usman Faruk da Joseph Gomwalk. Sarkin da ya tarar a Kano, Alhaji Ado Bayero, shi ma tsohon shugaban 'yan dokan Kano ne. Cikin kwamishinoninsa akwai Maitama Sule da Tanko Yakasai, da Inuwa Dutse wanda ya riƙe aikin gona.

Jihar da aka damƙa masa tana da jama'a maƙil, ga damina gajeriya. Kogunanta na yashi ne: su cika su tumbatsa a watan Agusta, kafin bazara kuwa sai a ga mata suna tonon ruwa a tsakiyarsu da ƙoƙo. Tunanin da gwamnan ya kama mai sauƙi ne, a riƙe ruwan damina har ya kai rani. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka fara madatsar Bagauda domin ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Ƙarama ce, ruwanta bai wuce kubik mita wajen miliyan 22 ba. Bayanta aka shiga aikin Tiga a kan kogin Kano, wadda aka kammala a 1974: jinga mai tsawon kilomita 6, tafki mai faɗin murabba'in kilomita 178, da ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Farin da ya auka wa ƙasashen Sahel daga 1972 zuwa 1974 ya rufe bakin masu cewa ɓarnar kuɗi ake yi, kuɗin man fetur kuma ya shigo a daidai lokacin.

Tiga ce ta yi suna, amma ƙananan su ne suka fi ratsa rayuwar talaka. Madatsar ƙasa ba ta bukatar siminti mai yawa. Laka ake zubawa a daddaɓe ta hawa-hawa, a shimfiɗa duwatsu a fuskar da ke kallon ruwa, a bar mafita a gefe domin rarar ruwa. Injiniyoyi da leburorin jihar, waɗanda daga baya aka san hukumarsu da sunan WRECA, suka ƙware a wannan aiki, har madatsun jihar suka haura 20. Da dama daga cikinsu, irin su Watari da Jakara da Kafin Ciri, bayan tafiyarsa aka gama su, amma a kan hanyar da ya shata.

Ba noman rani kaɗai ya hango a waɗannan tafkuna ba. Mutum ne mai son dabbobi da wuraren shaƙatawa, shi ya sa ya kafa gidan namun daji na Kano a farkon shekarun 1970, ya kuma gina otal a bakin tafkin Bagauda da wani a kan dutse a Tiga. Tafkunan suka cika da karfasa da tarwaɗa, masunta suka taso daga wurare suka kafa zango, ƙauyukan da dā ba su san kifi ba sai busasshe suka fara cin ɗanye. Agwagin ruwa da zalɓe suka sami mazauni. Dajin Falgore, wanda kogin Kano yake ratsawa kafin ya faɗa Tiga, ya zama garkuwar tafkin, domin itatuwansa ne ke riƙe ƙasar da za ta zo ta cike shi.

To amma ruwan da aka tare a sama, akwai masu jiran sa a ƙasa. Kogin Kano da na Calawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda a duk damina yake malala a faffaɗar fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Wannan malala ita ce rayuwar wurin. Idan ruwa ya hau, kifi yakan bar kogi ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa marar zurfi mai yalwar abinci, idan ya fara janyewa kuma masunta su tare su a bakin ƙoramu. Manomi ya shuka shinkafa a gaban ruwan, ya bi bayansa da wake da masara a kan danshi, Fulani su iske ciyawa a tsakiyar rani. Tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai suna sauka a Dagona da Baturiya dubbai. Bayan Tiga, ga kuma fari, malalar ta ragu ƙwarai, sannan madatsar Calawa da aka gama a 1992 ta ƙara matse ta. Wata illar kuma ta zo ta inda ba a zata ba: ruwan da ake sakowa a rani ya hana magudanan fadamar bushewa, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana jefa koma, ta kuma zama maɓoyar tsuntsu jan baki mai cinye hatsi. Kifin da aka samu a Tiga, wani ɓangarensa masuncin Bade da na Haɗeja ne ya biya. A ganina bai dace a ɗora wa Audu Baƙo wannan shi kaɗai ba, domin masu tsara irin waɗannan ayyuka a wancan zamani, na gida da na waje, ruwan da ya malala a fadama ɓatacce suke ɗaukar sa. Amma talakawan Haɗeja 'yan jiharsa ne, kuma lissafin bai haɗa da su ba.

Mulkinsa ya ƙare da juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975, Kanar Sani Bello ya karɓi jihar. Binciken dukiyar da gwamnatin Murtala Muhammad ta yi wa gwamnonin Gowon ya wanke mutum biyu kacal cikin 12, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma, kuma Audu Baƙo yana cikin sauran. Ya koma noma a Jihar Sakkwato, ya rasu a 1980. Tiga da gonakin Kadawa da Kura suka koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya, ƙananan kuwa suka zauna a hannun jiha.

Jingar ƙasa ba ta yafe sakaci. Ruwa kullum yana tsattsafowa ta cikinta, kuma wannan ba laifi ba ne muddin yana fitowa garau. Ranar da aka ga ya fara fitowa da laka, to yana haƙa wa kansa hanya ne. Itacen da ya tsiro a kanta, idan ya mutu saiwarsa takan ruɓe ta bar kafa. Gara takan yi gida a ciki, gafiya ta yi rami, shanun da ke gangarowa shan ruwa su fafe gefenta da kofato. Abin lura a nan shi ne, duhuwa da dabbobin da ake murna da su a bakin tafki su ne abokan gabar jingar, don haka dole a bar su a gaɓa a hana su hawa kanta. Ga kuma yashin da ke taruwa shekara da shekaru yana rage cikin tafkin, har ruwan sama na kwana biyu ya isa ya cika shi. Idan mafitar ta yi ƙanƙanta ko ta toshe, ruwa ya haura ta saman jingar, cikin 'yan sa'o'i yake yanka ta. Duk waɗannan mai gadi da ke zagayawa da ƙafa da adda a hannu zai iya ganin yawancinsu, sai dai albashin mai gadi da kuɗin gyara ba sa cikin abin da ake yanka ƙyalle a buɗe.

A watan Agusta na 1988, shekara takwas bayan rasuwarsa, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a ƙasar Kano, jingar Bagauda ta ɓalle. Ruwan ya share gidaje da gonaki da dabbobi, aka yi asarar rayuka. Tsoron da wannan ya jefa a zukata ya sa aka koma duba Tiga, wadda ruwanta ya ninka na Bagauda kusan sau 90, kuma a farkon shekarun 1990 aka rage tsayin mafitarta, ta daina riƙe kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da aka gina ta domin shi. An sake gina Bagauda, gwamnatin jihar ta buɗe cibiyar koyar da kiwon kifi a gefenta, otal ɗin da ke bakin tafkin kuwa ya zama reshen Kano na Makarantar Koyon Aikin Lauya ta Nijeriya.