Elmer Keith: Makiyayin da fashewar bindiga ta sa ya sauya ƙirar harsashi

A tsakiyar shekarun 1920, wata ƙaramar bindiga ƙirar Colt ta fashe a hannun wani matashin makiyayi a yammacin Amurka. Shi ya haɗa harsashin da kansa, kuma ya sa masa ƙarfin da bindigar ba za ta iya ɗauka ba. Ya tsira da ransa. Sunan matashin Elmer Keith, kuma daga wannan rana ya duƙufa wajen gano iyakar abin da ƙaramar bindiga ke iya jurewa.

An haifi Keith ranar 8 ga Maris 1899 a jihar Missouri, ya tashi a Montana cikin dawakai da mafarauta. A 1911 gobara ta rutsa da shi a wani masauki a garin Missoula, ta ƙone shi sosai, hannunsa na hagu ya nakasa. Da taimakon mahaifinsa da yawan motsa hannun ya samu ya koma aiki da shi, amma tabon ƙunar bai rabu da shi ba har ya mutu.

A wancan zamani harsashi na da tsada, kanti kuma na da nisa. Don haka makiyaya da dama kan narka dalma su zuba a mazubin ƙarfe su fitar da kan harsashi, sannan su sake cika tsohon kwanso da albarushi. A wannan sana'a Keith ya yi suna.

Bayan fashewar, ya lura cewa bangon ramukan da harsashi ke zama a bindigar .45 siriri ne. Sai ya koma ga harsashin .44 Special, wanda ya ɗan fi ƙanƙanta, domin a bindiga mai girma ɗaya yakan bar ƙarfe mai kauri a kewayensa.

A ƙarshen shekarun 1920 ya zana kan harsashi nasa, kamfanin Lyman ya ƙera mazubinsa mai lamba 429421. Nauyinsa kusan giram 16. Gabansa shafaffe ne maimakon mulmulalle, yana da kafaɗa mai kaifi da ke huda rami tsaf, ga kuma tsagi mai faɗi na riƙe maiko don kada dalma ta manne a cikin bututun bindiga. Doguwar gabansa na zama a wajen kwanso, abin da ke barin wuri ga albarushi. Har yau da sunan Keith ake kiran wannan ƙira.

Gwaje-gwajensa da na Phil Sharpe sun taimaka wa kamfanin Smith & Wesson wajen fitar da .357 Magnum a 1935. Ya kuma shafe shekaru yana matsa wa kamfanoni a rubuce-rubucensa su yi .44 mai ƙarfi, har Remington da Smith & Wesson suka amsa a tsakiyar shekarun 1950 da .44 Magnum. Sun ƙara wa kwanson tsawo kaɗan don kada ya shiga tsofaffin bindigogi ya fasa su, irin abin da ya taɓa samun Keith. Fim ɗin Dirty Harry na 1971 ya sa duniya ta san wannan bindiga.

Sai dai ba kowane tunaninsa ne ya samu karɓuwa ba. Shi da Bill Jordan, jami'in tsaron iyakar Amurka, sun nemi a yi wa 'yan sanda harsashi matsakaici, wanda ya fi .357 kauri amma bai kai .44 bugu a hannu ba. A 1964 aka fitar da .41 Magnum. Keith ya so a yi shi kashi biyu: mai ƙarfi don farauta, mai sauƙi don 'yan sanda. Amma na 'yan sandan da Remington ya fitar ya zarce gudun da ya nema. Jami'an da suka saba da .38 Special sun ga bindigar ta yi nauyi, bugunta ya yi yawa. Rundunoni ƙalilan ne suka ɗauke ta, ciki har da ta birnin San Antonio.

Da kasuwa ta juya baya, harsashin .41 ya zama mai wuyar samu a kanti. Waɗanda suka riƙe shi har yau galibi mafarauta ne da masu cika kwanso da hannunsu, wato dai sana'ar da Keith ya fara da ita.

Mutum ne mai kafiya, ana gane shi da babbar hular kaboyi da sigari a baki. Iƙirarinsa na harbin barewa da ƙaramar bindiga daga nisan yadi 600 ya jawo musu mai tsawo. Ya zauna a garin Salmon na jihar Idaho, ya daɗe yana rubutu a mujallar Guns & Ammo, kuma littafinsa Sixguns na 1955 yana cikin waɗanda masu wannan harka ke komawa gare su.

Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a 1981. Ya mutu a birnin Boise ranar 14 ga Fabrairu 1984, yana da shekara 84.